Mutum-mutumi a gida da gona: Abin da ke sa jama'a su karɓe shi ko su guje shi

Nasarawan Doya ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Maƙarfi da ke arewacin Jihar Kaduna, cikin ƙasar Zazzau. Yanki ne na manoma. Rake da masara da dawa da tumatir da barkono su ne arzikinsa, kamar yadda suke ga maƙwabtansa na Ikara da Kudan. A irin wannan wuri, zancen mutum-mutumi ya fi kama da labarin fim. Amma tun daga shekarar 2022 akwai na'urori masu tuƙa kansu da ke ratsa sararin samaniyar Jihar Kaduna ɗauke da jini da magunguna, kuma alhazan da ke zuwa Makka suna cin karo da wasu irinsu a cikin Harami.

Abin da aka gani a ƙasashen da suka daɗe da waɗannan na'urori, da abin da tarihin injuna ya nuna a ƙasar Hausa, sun haɗu a wuri guda. Jama'a na auna na'ura da aikin da ta ɗauke, da mutumin da ta raba da abincinsa, da abin da idonta ke gani a cikin gida, da kuma wanda za a kama idan ta yi ɓarna.

Mene ne mutum-mutumi?

Asalin kalmar a Hausa tana nufin sura ko gunki da aka yi da kamannin mutum, har da wanda ake kafawa a gona da sanda da tsumma don korar tsuntsaye. Daga baya gidajen rediyo da jaridu suka ɗora ta a kan na'urar da Turawa ke kira robot. Ita kuwa wannan kalma ta fito ne daga wasan kwaikwayon R.U.R. na marubucin ƙasar Cek, Karel Čapek, wanda aka buga a 1920. Tushenta a harshensu na nufin aikin tilas, irin wanda talaka ke yi wa mai ƙasa.

A wurin injiniyoyi, na'ura tana shiga wannan sahu idan ta haɗa abubuwa uku: tana gane abin da ke kewaye da ita ta hanyar kyamara ko wasu na'urorin ji da gani, tana da kwamfuta da ke yanke abin da za a yi, kuma tana da gaɓoɓin aiwatarwa, ko taya ne ko hannu ko fiffike. Babu sharaɗin fuska ko ƙafa. Na farko da ya yi aiki a masana'anta, Unimate, hannu guda ne na ƙarfe da kamfanin motoci na General Motors ya kafa a Amurka a 1961 don ɗaukar ƙarfe mai zafi. Wanda ya fi shiga gidaje kuwa shi ne Roomba, wata na'urar shara mai kama da faifai, wadda kamfanin iRobot ya fito da ita a 2002.

Wannan bambanci yana da tasiri a kan ra'ayin jama'a. Idan aka ce mutum-mutumi, abin da ke faɗo wa mai sauraro shi ne ƙarfe mai kai da ido da ke tafiya da ƙafa biyu, irin na fim ɗin Amurka Terminator na 1984, ko na fim ɗin Indiya Enthiran na 2010, inda na'ura ke juya wa wanda ya ƙera ta baya. Mafi yawan waɗanda ke aiki a duniya a yau ba su da wannan kama ko kaɗan.

Wanda ya riga ya iso: jiragen Pambeguwa

A watan Fabrairun 2021 gwamnatin Jihar Kaduna, a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Zipline na Amurka don kai kayan asibiti da jirage marasa matuƙi. Cibiyar farko ta fara aiki a 2022 a Pambeguwa, cikin Ƙaramar Hukumar Kubau, maƙwabciyar Ikara. Ita ce irinta ta farko a Najeriya. Kamfanin ya soma wannan aiki a Ruwanda a 2016, ya shiga Gana a 2019.

Ga yadda abin yake. Ma'aikacin lafiya yana aika buƙatarsa ta waya. A cibiya a shirya kayan cikin ƙaramin kwali, a sa a cikin jirgin, sannan wata na'ura ta harba shi sama. Daga nan babu mai riƙe da sitiyari; jirgin ne ke bin hanyar da aka tsara masa da taimakon tauraron ɗan'adam, yana gudun kusan kilomita 100 a awa. Idan ya isa, ba ya sauka. Yana sako kwalin da 'yar laima, ya juya ya koma gida. Kayan da yake ɗauka ba su kai kilo biyu ba, kuma yana kai saƙo wuraren da ke cikin tazarar kimanin kilomita 80 daga cibiyarsa.

Kilo biyu ba wani kaya ba ne, amma ya isa ledar jini ko allurar rigakafi ko maganin sarar maciji. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mata 512 ne ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya, kuma zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan dalilai. Ga iyalin da 'yarsu ke kwance a asibitin karkara da damina, hanya ta lalace, na'urar da ta kawo jini cikin ƙasa da awa guda ba ta buƙatar mai yi mata talla. Gani ya kori ji.

Tudun Biri: ɗaya fuskar

A daren 3 ga Disambar 2023, wani jirgi maras matuƙi na Rundunar Sojin Ƙasa ya jefa bam a kan masu bikin Maulidi a ƙauyen Tudun Biri da ke Ƙaramar Hukumar Igabi, a wannan jiha dai. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, NEMA, ta ce an binne mutum 85, da yawansu mata da yara. Rundunar ta amsa cewa jirginta ne, ta ce an ɗauki taron a matsayin na 'yan bindiga. Babban Hafsan Sojin Ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je ƙauyen ya ba da haƙuri. A watan Mayun 2024 Hedikwatar Tsaro ta sanar da cewa jami'ai biyu za su gurfana a gaban kotun soja.

Jirgin Tudun Biri bai yanke hukunci da kansa ba. Mutane ne suka kalli hoto daga nesa, suka ba da umarni. Amma mutumin da ke gona ba shi da hanyar bambance mai ɗauke da jini da mai ɗauke da bam idan ya ji ƙara a sama, kuma sunan da yake ji a rediyo ɗaya ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Duk mai son kawo jirgin feshi ko na aunon gona a arewacin Kaduna zai tarar da wannan tabo a gabansa.

Abin da ƙuri'un jin ra'ayi suka nuna

Binciken da ya fi faɗi a kan wannan batu an yi shi ne a Turai da Amurka. A 2012 ƙuri'ar Eurobarometer ta Tarayyar Turai ta gano cewa kashi 70 cikin 100 na mutanen da aka tambaya suna yi wa mutum-mutumi kallon alheri. A cikin wannan ƙuri'a kuma kashi 60 suka ce a haramta amfani da shi wajen kula da yara da tsofaffi da naƙasassu. Da aka sake tambaya a 2017, masu kallon alheri sun sauka zuwa kashi 61. Kashi 84 sun yarda ana buƙatarsa a ayyuka masu wuya ko haɗari, kashi 72 kuma suka ce yana ƙwace wa mutane aiki.

A Amurka, cibiyar bincike ta Pew ta samu kusan irin wannan sakamako a 2017. Kashi 72 sun nuna damuwa da zuwan lokacin da na'urori za su riƙa yin yawancin ayyukan mutane, kuma kashi 59 sun ce ba sa son na'ura ta yi jinyarsu ko ta wani nasu.

Game da Najeriya, wani bincike da Jami'ar Melbourne da kamfanin KPMG suka fitar a 2025, wanda ya tambayi mutum sama da 48,000 a ƙasashe 47, ya sa ta cikin ƙasashen da jama'arsu suka fi amincewa da ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke zama ƙwaƙwalwar yawancin na'urorin zamani. Sai dai ta intanet aka yi tambayoyin, don haka muryar da aka fi ji ita ce ta masu babbar waya da ilimin boko, waɗanda suka fi yawa a birane.

Idan aka jera waɗannan alƙaluma, za a ga mutum ɗaya yana iya maraba da na'ura a rami ko cikin gobara, ya kuma ƙi ta a gefen gadon mahaifiyarsa. An fi samun wannan a mahawarar fiye da ƙauna zalla ko ƙiyayya zalla.

Tarihin inji a gidan Bahaushe

Karkarar Zazzau ba baƙuwar inji ba ce. A da, matar gida kan tashi da asuba ta durƙusa a kan dutsen niƙa, ko ta kama taɓarya ta yi surfe da daka. Injin niƙa ya ɗauke mafi yawan wannan, injin markaɗe ya bi bayansa. A ƙasar Maƙarfi, inda ake dafa mazarƙwaila, doki ne ya daɗe yana zagaya matsewar rake kafin injin mai ya karɓi aikin a wurare da dama. A fadama, injin ban ruwa ya kori jigo. Babur ya rage wa jaki daraja, keken ɗinki ya zama kayan ɗakin amarya, wayar salula da ta shigo a 2001 ta kai ko'ina, masu POS kuma suka zama bankin ƙauye.

Waɗannan injuna sun yi tarayya a wasu siffofi. Amfaninsu yana bayyana tun ranar farko. Ba sai kowa ya mallaka ba, domin mutum ɗaya kan saya sauran su biya kuɗin aiki, kamar yadda ake kai niƙa. Idan suka lalace akwai makaniki a kasuwa, ga kayan gyara a Zariya ko Kano. Mai injin kuma sananne ne, an san gidansu. Idan ya ɓata wa mutum gari ana iya kai ƙararsa wurin mai unguwa.

Akwai kuma lokacin da jama'a suka ja baya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa saboda zargin an gurɓata maganin. Zargin ya samu gindin zama ne a kan abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a tsakiyar annobar sanƙarau. Kano ba ta koma rigakafin ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Daga baya sarakuna da malamai suka shige gaba, har aka ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da cutar a watan Agustan 2020. Maganin iri ɗaya ne a farko da ƙarshe. Abin da ya sauya shi ne mutanen da suka tsaya masa.

Aikin wa za a ɗauke?

Ƙungiyar masu ƙera mutum-mutumi ta duniya, IFR, ta ce a 2023 akwai sama da miliyan huɗu da ke aiki a masana'antu. A matsakaicin lissafi, guda 162 ne ga kowane ma'aikacin masana'anta 10,000, amma a Koriya ta Kudu adadin ya kai 1,012. Koriya da Japan suna rungumar na'ura ne saboda ƙarancin matasa: a 2023 matsakaicin haihuwar mace a Koriya ta Kudu bai kai ɗa ɗaya ba, a Japan kuma kusan kashi 29 na jama'a sun kai shekara 65 ko sun wuce. A Arewa maso Yammacin Najeriya, binciken 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace ya haura shida. A can ana neman hannun da zai yi aiki. A nan hannuwan ne ke neman aiki.

Saboda haka tsoron rasa abin yi ya fi nauyi a wuri irin Nasarawan Doya. Saran rake da ɗaurinsa da lodinsa, tsinkar tumatir da barkono, shuka da girbi, duk aikin ƙwadago ne da ke ciyar da gidajen da gonarsu ba ta isa ba. An riga an ga alama. Maganin kashe ciyawa ya rage yawan 'yan ƙwadagon da ake ɗauka noman farko. Injin sussukar masara da na casar shinkafa sun rage abin da mata ke samu a sussuka da shiƙa. Mai gona ya huta, mai aikin ya rasa kuɗin cefane, kuma sau da yawa a unguwa ɗaya suke.

Akwai aikin da ɗaukewarsa alheri ne ga mai yinsa. Matashin da ke goya tankin feshi mai lita 16 ko 20, ba takunkumi ba safar hannu, yana shaƙar guba duk yini. Jirgin feshi irin Agras T40 na kamfanin DJI na ƙasar Sin yana ɗaukar lita 40 a tashi ɗaya, mai sarrafa shi kuma yana tsaye daga nesa. Manoman tumatir ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. A irin wannan annoba saurin feshi yana da daraja. Amma shi ma mai goyon tankin da kuɗin feshin yake ci, don haka ra'ayinsa zai danganta da ko shi za a koya wa sarrafa jirgin, ko wani za a kawo daga birni.

Sura da addini

A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Musulmin ƙasar Hausa ke bi, an haramta ƙera cikakkiyar surar abu mai rai idan tana da jiki mai inuwa. An sassauta ga surar da ta rasa wata gaɓa da rayuwa ba ta yiwuwa sai da ita, haka nan ga 'yar tsanar wasan yara mata. Wannan hukunci ya shafi na'ura mai fuska da jikin mutum. Jirgin kai jini da faifan shara da hannun ƙarfe na masana'anta ba surar mai rai ba ne. Sunan da aka haɗa su a ciki ne ke jawo musu tambayar.

Tarihin Musulunci yana da nasa kaso a wannan fanni. Injiniya Isma'il al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir aiki a inda ake kira Turkiyya a yau, ya kammala littafinsa a 1206, inda ya bayyana na'urori kimanin 50, yawancinsu masu aiki da ƙarfin ruwa. A cikinsu akwai wadda ke zuba wa mutum ruwan wanke hannu ta kuma miƙa masa tawul. A wannan zamani, hukumar kula da Masallatan Harami biyu ta sa na'urorin raba gorunan Zamzam a 2021, ga masu shara da feshin kashe ƙwayoyin cuta, ga kuma na'urar amsa tambayoyin mahajjata cikin harsuna 11, Hausa na cikinsu. Alhajin da ya karɓi ruwa daga irin wannan na'ura a Makka zai dawo gida da labarin da ya saɓa da na fim.

Ko a inda addini bai shigo ba, kama da mutum tana da matsalarta. A 1970 masanin Japan Masahiro Mori ya lura cewa mutane na ƙara son na'ura gwargwadon kamarta da mutum, har zuwa inda ta kusa zama mutum amma ba ta kai ba. A nan sai so ya koma ƙyama, tsikar jiki ta tashi. Sophia, wadda kamfanin Hanson Robotics ya ƙera kuma Saudiyya ta ba ta takardar zama 'yar ƙasa a watan Oktoban 2017, ta sha irin wannan kallo.

Sirrin gida

Ginin gidan Bahaushe an tsara shi ne a kan sirri. Baƙo namiji iyakarsa zaure, cikin gida na mata ne da muharramai. Na'urar gida ta zamani kuwa da kyamara take gani, wata da makirfo take ji, kuma yawancinsu suna aika bayanai ta intanet zuwa rumbun kamfanin da ya ƙera su.

Wannan damuwa tana da hujja. A watan Disambar 2022 mujallar MIT Technology Review ta bayyana cewa wasu hotuna da na'urorin Roomba na gwaji suka ɗauka a cikin gidaje a 2020 sun ɓulla a shafukan sada zumunta, har da na wata mata a makewayi. An aika hotunan ne ga 'yan kwangila a Benezuwela don su yi musu alamomin da ake koyar da manhaja da su, daga nan suka fita. Kamfanin ya ce na'urorin ba na kasuwa ba ne, kuma masu gidajen sun sa hannu a takardar amincewa. Amma sa hannun bai hana hoton fita ba.

A Najeriya an sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma wajabta wa duk mai tattara bayanan mutum ya kasance yana da halastaccen dalili, ya kuma tsare su. Jirgin da ke wucewa ta saman gida shi ma ya shiga wannan lissafi, domin katanga ba ta tare idon da ke sama.

Reno da jinya

Japan ta fi kowa gwada na'ura a wannan fage. Paro, wata na'ura mai laushin gashi da siffar ɗan dabbar ruwa, ana amfani da ita a gidajen tsofaffi don kwantar wa masu cutar mantuwa hankali. Karen wasa na AIBO da kamfanin Sony ya fitar a 1999 ya shiga ran masu shi har wani wurin ibadar mabiya Buda a lardin Chiba ya riƙa yi wa waɗanda suka lalace bikin bankwana.

A ƙasar Hausa lamarin ya sha bamban. Kula da iyaye idan sun tsufa wajibi ne na addini, kuma ma'aunin mutunci ne a idon jama'a. Reno aikin uwa ne da kaka da yayye da maƙwabta, jinya kuwa dangi ke karɓa-karɓa, har a asibiti sai an ga mai zaman jinya a gefen gado. Ɗan da ya bar wa inji mahaifinsa zai sha tambaya kafin ya sha yabo. Inda ƙofa take a buɗe shi ne kayan da ke taimaka wa mai jinyar: gadon da ke ɗaga maras lafiya, keken guragu mai batir, na'urar da ke tuna lokacin shan magani.

Wuta, kuɗi da gyara

Kafin ra'ayi akwai hali. Binciken 2018 ya nuna kashi 59 na gidajen Najeriya ne ke da lantarki: kashi 83 a birane, kashi 39 a karkara. Ko masu layin ba su da tabbas. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Sola na cike wani giɓin, amma a yawancin gidajen karkara ƙarfinta na fitila ne da cajin waya.

Na'urar shara ana sayar da ita ɗaruruwan daloli, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 naira 70,000 ne. An kuma ƙera ta ne don shimfiɗaɗɗen daɓen tayil ko katako. Tsakar gida ta ƙasa, da dokin ƙofa, da kaji da awaki, da ƙurar hunturu, ba su cikin lissafin maƙeranta. Tsintsiya ta fi ta dacewa da wurin. Wannan ya sa hanyar da ta fi kusa ga na'ura mai sarrafa kanta a karkarar Zazzau ita ce ta asibiti da gona, a matsayin abin haya ko na gwamnati, kamar yadda tarakta ta shigo.

Masu ƙerawa da masu doka

A watan Nuwamban 2020 aka buɗe Cibiyar Ƙirƙirarriyar Basira da Mutum-mutumi ta Ƙasa, NCAIR, a Abuja, ƙarƙashin hukumar NITDA, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa. A Disambar 2022 kamfanin Uniccon ya gabatar da Omeife a Abuja, mai siffar mace, wadda ya ce tana magana da harsunan Afirka da dama. A wannan shekarar kuma wani matashi ɗan shekara 17 a Kano ya haɗa mutum-mutumi da kwali da waya da ƙananan injunan lantarki, wanda ke kwaikwayon motsin mai sarrafa shi, ya kuma samu tallafin karatu. A Samaru, wadda ba ta da nisa da Maƙarfi, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana ƙera ƙananan injunan sussuka da casa da suka dace da ƙaramin manomi.

Ta fuskar doka, tun watan Mayun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ta hana tayar da jirgi maras matuƙi sai da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Wannan ya ba hakimi ko dagaci ko shugaban ƙungiyar manoma damar neman ganin takarda kafin a tayar da jirgi a ƙasarsu. Bayan takardar akwai sauran abin tambaya: ranar da za a tashi da inda za a bi, don a sanar a masallaci da kasuwa, ko akwai kyamara, da inda hotunan ke zuwa, matasan gari nawa za a koya wa aikin, da kuma sunan wanda zai biya idan feshi ya faɗa gonar maƙwabci ko jirgi ya faɗo a kan rufin wani.